Wuni guda a bakin tafkin Madarunfa

 Yau labarin tafiya zan ba ku. Tafiyar ba mai nisa ba ce, wajen kilomita 25 ce kudu da Maraɗi, mun fita da hantsi mun dawo kafin magariba. Amma ga shi shekara ta kusa zagayowa, har yanzu a gidanmu idan ana lissafin abu sai a ce “kafin mu je Madarunfa” ko “bayan mun dawo daga Madarunfa”.

Yayata ce dalilin tafiyar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara tara, ita ta goya ni. Shekara shida ke nan da likita ya tabbatar mata da ciwon suga, bayan shekara biyu hawan jini ya biyo baya, wanda muka fi sani da tansiyo. A da ita ce mai tuyar ƙosai a bakin hanyar unguwarmu, tun daga nesa za ki ji muryarta tana ciniki tana tsokanar yara masu zuwa lakwal. Da mai gidanta ya rasu ta shiga takaba. Takaba ta ƙare, zaman ɗaki bai ƙare ba. Ta bar tuya. Ta bar zuwa biki da suna, don a cewarta ta gaji da jin “kar ki ci wannan, kar ki sha wancan” a gaban mutane. Taron mako ma ta daina zuwa, sai ta aiko jika da kuɗin zubi. Duniyarta ta koma gado, bayan gida, da bencin likita sau ɗaya a wata. Labulen ɗakinta kullum a sake.

Wata rana ina gyara mata shimfiɗa na ɗaga matashi, sai ga ledar magani na wata guda, ko ƙwaya goma ba a ɓalle ba. Na ce, “Yaya, mi ya sa ba ki sha ba?”

Ta ce, “Auta, in sha don mi? Ciwon ga ba ya warkewa. Kuɗin da kuke zubawa farmasi ku sai ma yara hatsi da su.”

Daren nan ban yi barci ba. Da safe na lallaɓa ta muka je likitar unguwa. Ma’aikaciyar da ke duba ta ta auna suga ta auna tansiyo, duka sun hau. Bayan ta sake rubuta magani sai ta ja ni gefe ta ce mini jinin ba shi ne ya fi ba ta tsoro ba, zuciyar ce. Ta ce masu ciwon suga sun fi sauran mutane faɗawa ciwon damuwa, kusan ninki biyu, kuma idan damuwa ta kama mutum sai ya bar magani, idan ya bar magani ciwo ya ƙaru, ciwo ya ƙaru damuwa ta ƙaru. Ta ce in tabbatar tana shan maganinta a gabana, in dawo da ita randebu bayan mako biyu, sannan ta ƙara da cewa, “Ku riƙa fitar da ita. Ta ga sama, ta ga itace, ta taka ƙasa.”

Faɗa da sauƙi. Idan na ce “Yaya mu je shan iska” na san amsar da zan samu. Sai na tuna marigayiya innarmu takan je ziyarar waliyyan Madarunfa, har ta taɓa tafiya da Yaya tana ƴar budurwa. Na ce mata ina so in je in yi ma Inna addu’a a can, kuma ban san wurin ba. Ta yi shiru har na fid da rai, can ta ce, “To, amma ba na daɗewa.”

Hanya

A watan Disamba ne, ɗari ya fara shiga, rana ba ta da zafi. Mu biyar muka tafi: ni da Yaya, da babban ɗanta, da wata maƙwabciyarmu da ɗiyarta mai shekara goma sha huɗu, wadda ke fama da sikila tun tana goye. Kafin ranar sai da ɗan Yaya ya kira wani abokinsa a can ya tambayi lafiyar hanya. Kun san halin da wasu ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Madarunfa suke ciki da ɓarayin daji. Saboda haka muka yanke tun daga gida cewa iyakarmu bakin tafki kusa da gari, kuma la’asar a kan hanyar dawowa za ta same mu.

Da mota ta bar gari sai gonaki suka buɗe. An gama girbi, karan hatsi a kwance, rumbuna cike a gefen ƙauyuka. Abin da ya ɗauki idona shi ne yawan itace a tsakiyar gonakin: gawo, kalgo, sabara, aduwa, ga su nan birjik. Tsofaffi suna faɗa cewa bayan fari da yunwar shekarun 1970 da 1980, ƙasar nan fayau take, iska na kwashe shuka. A wajen 1983 aka fara yaɗa abin da manomanmu ke kira sassabin zamani a nan jihar Maraɗi: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, su zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa da wannan dabara ƙasar Nijar ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200. Galibinsu ba wanda ya dasa, saiwoyin suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, bari kawai aka yi suka taso.

Wajen Jiratawa ido ya huta. Lambunan rani shar, tamaka layi-layi, wadda wasu ke kira zogala, mata na tsinka suna cika buhuna. Irin ganyen da muke saye a kasuwa ƙulli-ƙulli, ga shi nan har iyakar gani. Yaya ba ta ce komai ba tun fitowarmu, amma na lura ta janye mayafi daga fuskarta ta juya wajen taga.

Tafkin

Wadda ta saba da ruwan rijiya da na famfo da kududdufin damina, ranar da ta fara tsayawa bakin tafkin Madarunfa sai ta yi shiru. Ruwa ne shimfiɗe, na can ƙetare sai kin ƙura ido kike ganin su. Idan ya cika bayan damina yakan kai wajen hekta 800, da rani ya ja baya ya bar laka mai kyau inda ake shuka. Gulabe ne ke ciyar da shi, Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, masu gangarowa daga wajen Najeriya. Gulbin Maraɗi shi ne wanda ambaliyarsa ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tayar da gari zuwa kan tudu inda muke yau. Kusa da tafkin akwai dajin da hukuma ta keɓe, ba a saran itace a cikinsa yadda aka ga dama. A 2006 ƙasarmu ta sanya dajin da tafkin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 kuma tafkin ya shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu da tafkuna masu muhimmanci ga duniya, musamman saboda tsuntsaye.

Wani dattijo ya raka mu ɗaya daga cikin kaburburan. Muka yi sallama, muka yi addu’a ga Inna da Baba da mai gidan Yaya da dukan musulmi. Ba mu fi minti goma sha biyar ba. Muna juyowa Yaya ta ce, “To, munka yi abin da ya kawo mu, mu tahi.”

Na ce mai mota sai bayan azahar zai dawo, wanda kuwa gaskiya ne, ni na roƙe shi haka. Ta harare ni irin hararar da take mini ina yarinya. Muka samu gindin wata babbar tsamiya da ke kallon ruwa, muka shimfiɗa tabarmi biyu.

Idan kuka tambaye ni abin da muka yi a awa huɗu da suka biyo baya, zan ce kusan ba komai. Mun zauna. Iska na kaɗawa daga kan ruwa, mai sanyi-sanyi da ƙanshin laka. Masunta biyu a cikin kwalekwale suna jefa birgi, su jawo, su sake jefawa. Shanu sun zo shan ruwa, balbelu na biye da su. Wani zalɓe ya tsaya a ƙafa ɗaya a cikin ruwa, ya daɗe bai motsa ba har yarinyar ta ce ko na roba ne. Kurciya na kuka a bisa kanmu. Ba rediyo, ba injin niƙa, ba mai sallama a ƙofa, ba mai tambayar me za a dafa.

Rabin awa na farko Yaya na zaune a takure, hannu a haɓa. Sai wani garken tsuntsaye ya taso daga cikin ciyawa yana fito, ya yi kewaye ya sauka. Yarinyar ta tambayi uwarta sunansu, uwar ta ce ba ta sani ba. Yaya ce ta amsa, ba tare da ta juyo ba: “Kirinjijiya ce. Da munka zo da Inna sun hi haka yawa.” Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba yarinyar labarin zuwansu a bayan babbar mota, da yadda Inna ta sayi kifi ta ƙulle a gefen zane har ya jiƙa mata kaya. Rabon da in ji ta jera magana haka tun kafin rasuwa.

Dattijon da ya raka mu ya dawo ya zauna nesa kaɗan. Ya ce da yawa daga tsuntsayen da muke gani a wannan lokaci baƙi ne, daga ƙasashen Turai suke zuwa gudun sanyi, su ƙetare hamada, idan zafi ya gabato su koma. Ya ce abin da ke damun masunta shi ne yashi da koramu ke kwasowa kowace damina yana cike tafkin sannu a hankali. Yaya ta ce masa, “Baba, ashe shi ma tafkin yana da nashi ciwon.” Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, yana da shi, amma kullum yana ba mu abin miya.”

Ɗan tattaki da ɗan tsoro

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ce mu ɗan taka. Muka bi gefen ruwa a hankali, ni da ita, tana riƙe da kafaɗata. A gonar da ke kusa akwai wani gawo, ganye ya rufe shi ruf, awaki na kiwo a ƙarƙashinsa. Kun san halin gawo: da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi a tsirara yake kamar busasshe, sai ruwa ya ɗauke, komai ya bushe, sannan ya fitar da ganye. Shi ya sa manomi ke son sa, ba ya tare ma hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe. Yaya ta tsaya ta daɗe tana kallon sa. Ta ce, “Wanda bai san shi ba, in ya gan shi da damina sai ya kawo gatari.” Ban ce komai ba, ita ma ba ta ƙara ba.

A dawowa ne tsoro ya same ni. Na ji hannunta na karkarwa, gumi ya keto mata a goshi alhali ana sanyi, ta ce tana ganin jiri. Ta sha maganin suga da safe, amma kunun da ta sha kaɗan ne, ga tafiyar da jiki ya manta da ita. Allah ya sa ma’aikaciyar likita ta riga ta gargaɗe ni. Na zaunar da ita, na ba ta ƙwayar suga uku da na ƙulla a bakin mayafi, ta tsotsa ta kora da ruwa. Kafin minti goma sha biyar ta dawo daidai. Muka buɗe kwano, ta ci dambun tamaka da wake. Sannan na cire mata takalmi na duba ƙafafunta tsakanin yatsu da diddige, na cire ƙarangiya biyu da suka maƙale a safarta. Mai ciwon suga yakan rasa jin ƙafarsa, ƙaya ta soke shi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Bayan ta ci, ta kishingiɗa “na minti biyar”. Barci ya ɗauke ta fiye da awa guda, baki a ɗan buɗe, inuwar ganye na yawo a fuskarta. Ɗanta ya dube ta ya dube ni, ya juya baya yana share ido. Shi ya san dare nawa yake jin motsinta har asuba.

Ita ma yarinyar mai sikila ta samu nata rabon. Uwarta ta hana ta shiga ruwa, kuma daidai ta yi: sanyi na tayar da ciwon, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. An rufa mata rigar sanyi, ana ba ta ruwa a kai a kai. Ta zauna tana ƙirga kwalekwale tana zana tsuntsaye da tsinke a ƙasa. Uwar ta ce mini a hankali, “Yarinyar ga, in ba lakwal ba sai likita. Yau ne na hwara kai ta wani wuri don ta ji daɗi kawai.”

Da Yaya ta farka muka yi azahar, sai ƙanshin suya ya taso. Wata ƴar budurwa ce ke soya karfasa da tarwaɗa can gefe. Muka je saye. Yaya ta tsaya tana kallo, ta kasa haƙuri, ta ce, “Ke ɗiyata, manki bai yi zahi ba, shi ya sa kihin ke shan mai. Kawo nan.” Ta karɓi matsami, ta gyara itacen murhu, ta jira, ta saka kifi ya yi caaa. Tana juyawa tana koya mata, har da faɗa. Ni da ɗanta muka tsaya kamar an dasa mu. Wannan ita ce muryar bakin hanya da muka yi shekara biyu ba mu ji ba.

Abin da na gano daga baya

Da na ba ma’aikaciyar likita labari, ba ta yi mamaki ba. Ta ce abu ne da aka daɗe ana bincike a kansa. Ɗan Yaya, mai son karance-karance a waya, ya nemo mana guda biyu. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyatan da aka yi ma aiki iri ɗaya a wani asibiti. Waɗanda tagar ɗakinsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda tagarsu ke kallon bango komawa gida, kuma ba su buƙaci maganin zafi mai ƙarfi kamar su ba. A 2019 kuma aka fitar da wani bincike a Ingila kan mutane kusan 20,000. An ga cewa waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa ko fili mai ciyayi sun fi faɗin cewa suna jin lafiya da kwanciyar rai, har da tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe. Kuma ba dole sai a zama ɗaya ba, ko an rarraba awa biyun cikin mako ya yi.

Ni dai ga yadda na fahimce shi da nawa hankalin. Mai ciwon da ba ya warkewa, kullum kunnensa na cikin jikinsa: yau ina ke ciwo, me na ci, nawa ya rage a leda, ina za a samo na wata mai zuwa. A cikin ɗaki babu abin da zai janye shi daga wannan saurare. A bakin ruwa kuwa ido na bin tsuntsu, kunne na bin iska, ba tare da an tilasta musu ba, sai tunanin nan mai zagaye wuri ɗaya ya samu ya sauka. Ga hasken rana da ke gyara lokacin barci, ga ɗan motsin jiki. Hukumar lafiya ta duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiyar ƙafa na ciki.

Kar wata ta ji ni ba daidai ba. Tafkin Madarunfa bai warkar da Yaya ba. Har gobe tana da suga, tana da tansiyo, kuma akwai watan da awon ke hawa. Akwai ranakun da take wuni ba ta son magana. Abin da ya canza shi ne yanzu da kanta take ɓalle maganinta, ta koma taron mako da ƙafarta, kuma ta ɗage labule. Tuya kullum ta fi ƙarfinta, amma ran Juma’a takan yi ƙosai kwano guda, jikokinta su kai bakin hanya.

Ba sai an je Madarunfa ba

Kuɗin mota ba kullum ake da su ba, mu ma sau biyu kawai muka koma. Abin da muka riƙe shi ne na kusa. Duk ran Lahadi da Laraba, bayan la’asar, mukan gangara lambunan bakin gulbi, mu zauna gindin mangwaro a gonar wani ɗan uwan mai gidana, awa guda mu dawo. Da farko mu biyu ne. Yanzu mukan kai mu bakwai: mai asma, mai ciwon gwiwa, mai tansiyo, da wadda ke jinyar uwar mijinta shekara huɗu, ita lafiyarta ƙalau amma ta fi mu duka buƙatar wurin.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana: mace da girmanta ta bar aiki ta je ta zauna gindin itace? Wasu kuma za su ce mu da muke wuni a gona da wajen itace da rijiya, wane daji ne ba mu gani ba? Gaskiya ne, amma wadda ta duƙa tana noma ko ta ɗauko dami a ka, ƙasa take kallo, tana sauri rana na dukan ta. Zama a inuwa ba tare da kaya a ka ba wani abu ne daban, kuma da yawanmu rabonmu da shi tun muna ƴan mata. Game da mazajenmu, ni abin da ya yi mini aiki shi ne na tafi da mai gidana wurin ma’aikaciyar likita ya ji da kunnensa. Tun daga ranar, shi ke tuna mini idan Laraba ta zo.

Kowace jiha tana da nata. Ƴan uwanmu na Damagaram kuna da lambunan Mirriya da tafkin Gidimuni. Na Tawa kuna da tafkin Tabalak, da layukan bedi na kwarin Majiya da aka fara dasawa tun 1975 don tare iska. Na Yamai kuna da bakin kogin Kwara. Wadda duk waɗannan suka yi mata nisa, akwai kukar bayan gari, akwai lambun maƙwabci, akwai bedin ƙofar gida. Wadda ba ta iya tashi ma, a fito mata da tabarma tsakar gida da hantsi, inda za ta ga sama.

Ga abin da muka koya, wasu da ɗan tsoro:

A fara tambayar ma’aikacin lafiya, musamman mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wadda tansiyonta bai zauna ba. Fita ba ta maye gurbin magani ko randebu.

A zaɓi hantsi ko bayan la’asar. Watannin Afrilu da Mayu, lokacin tsananin zafi, a tsaya inuwar kusa da gida. A bar bakin ruwa kafin magariba saboda sauro.

Mai suga ta ci abinci kafin ta fita, ta riƙe suga ko dabino, ta sa takalmi rufaffe, a duba ƙafa bayan an dawo.

Mai sikila ta sha ruwa da yawa, ta rufe jiki, kar ta shiga ruwan sanyi, kar ta gajiyar da kanta. Mai asma ta riƙe abin shaƙarta, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa ta haƙura.

Kar a yi wanka ko wasa a ruwan tafki. Kar mace ta tafi ita kaɗai, kuma a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Idan ƴar uwarku ta yi mako biyu ko fiye ba ta jin daɗin komai, ba barci, ba cin abinci, ko ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kar a tsaya ga “ki yi haƙuri” ko ga gindin itace kawai. A kai ta likita a faɗi abin da ake gani ɓaro-ɓaro. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, ana duba shi, ana samun sauƙi.

A taronku na wannan mako, ku duba wurin zaman wadda ta daɗe tana aiko da yaro. Ku je ku same ta, ku ɗaga matashin in ya kama. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Makon jiya muna zaune a lambu, Yaya ta ce mini idan ɗari ya shigo tana so mu koma Madarunfa. Na ce ziyara za mu sake? Ta ce, “Ziyara dai za mu yi. Amma ina so in gani ko yarinyar nan ta koyi suyar kihi.”

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya lada da juriya. Amin.